Jirgin Ƙarfe Huɗu

A asibitin Leicester, hawa na uku,
likita ta ce Kaka ya zana agogo.
Ya yi da'ira, ya tsaya.
Lambobin duk suka taru gefe guda
kamar tumakin da ruwa ya kora gindin bango.
Mutumin da shekara talatin da ɗaya
jirgi bai bar tashar Zariya ba
sai ya duba tsintsiyar hannunsa.

Ni ce tafinta ranar.
Na laluba 'yar Hausar da nake da ita,
na rasa inda zan ajiye sunan cutar.
Umma ta ce, "Gigin tsufa ne dai, ko?"
Na ce, "Ya fi haka, Umma."
Kaka yana ta yaba takalmin likita.

Kawu Ilu ya bugo daga Tudun Wada:
"Sanyin ƙasar nan ne ya daskarar masa da kai,
ku sako shi a jirgi."
Umma ta ce to, to, to,
ta kashe waya, ta fita sayen madara.
Ta taga na hango ta cikin mota,
awa guda, ba ta tayar ba.

Nafi'u ya manna takardu a ƙofofi:
bayi, kicin, ɗakin Kaka.
Boko ya riga ya zube masa.
Sai da muka roƙi wani malami a masallaci
ya sake rubuta su da ajami,
Kaka ya bi da yatsa, ya yi dariya,
ya ce wannan hannun bai sha bulala ba.

Yakan yi azahar sau uku.
Raka'a ta ɓace masa, Fatiha ba ta ɓace ba.
Mun daina ƙirga masa.
Wanda ake yi domin Shi ya fi mu iya lissafi.

Ƙarfe huɗu na dare yake tashi,
ya sa hula, ya sa kwat a kan rigar barci,
ya tsaya bakin ƙofa: jirgin Kano na tafe.
Da farko mukan ce, "Kaka, nan Ingila ne,"
sai ya dube mu kamar mun yi masa sata.
Yanzu akwai jadawali jikin firji,
Litinin da Alhamis nawa ne.
Nakan sauko da bargo, in ce,
"Ranka ya daɗe, ya yi latti, yana Kaduna."
Ya ja tsaki. "Kullum haka suke."
Mu zauna kan matakala,
hita tana ƙara kamar tana shirin tashi,
muna jira tare.

Jiya ya ce, "Lantana, kin ci abinci?"
Lantana ta rasu kafin a haife ni.
An ce haƙorinmu iri ɗaya.

Na ce, "Na ci."
Ya ce, "Ƙara."