Taragon Ƙarshe

Asabar, ana sallame asuba a Agege,
muka taru a gindin gadar Pen Cinema,
mu goma sha ɗaya, kowa da gorar ruwansa.
Lantana ta zo da dafaffen ƙwai a leda,
Ilu mai canji ya baro lissafin dala a gida,
ni kuma na lulluɓe keken ɗinki da tsohon zane,
na ce masa: huta,
yau ƙasa ƙafata za ta taka, ba feda ba.

Shekara uku ke nan muna wannan yawo.
Mun ratsa gonakin rogo a bayan Ikorodu,
mun sha ƙaurin bandar kifi a Epe,
ruwa ya taɓa yi mana dukan ɓarawo a Ibeshe
har muka fake a rumfar mai sayar da manja.
Duk inda muka nufa, Baba Nomau ne a baya,
tsohon ma'aikacin reluwe, da usur a wuya.
In an ce ya ɗaga ƙafa, sai ya ce:
jirgi bai iso tasha ba
sai taragon ƙarshe ya iso.

Yau yana kwance a asibitin Idi-Araba,
an buɗe masa gwiwa an ɗinke.
Jiya ya danƙa mini usur ɗin.
Bai yi dogon bayani ba.

Danfo ta juye mu a bayan Badagiri,
kwalekwale ya haye da mu ƙetaren ruwa,
inda yashi ke cinye rabin kowane taku
kuma itatuwan kwakwa suka karkata gefe guda
kamar masu sauraron gulma.

Ni da na saba zama a sahun gaba,
ban san abin da ƙeya ke faɗa ba sai yau.
Ashe Ilu yana ɗingisa ƙafar hagu,
sai an waiwayo ya miƙe kamar soja.
Ashe igiyar takalmin Lantana ba ta kwancewa,
numfashi take nema in ta durƙusa.
Bose mai atamfa, sarkin raha,
in ta ga ba mai kallo sai ta yi tsit,
tana juya zoben da ya yi mata yawa.
Na tsinci hula, na tsinci murfin gora,
na tsinci ɗan kunne guda.
Na rage sauri ban ce komai ba.

Sai ga teku.
Ni ɗan Gumel, wanda ya tashi yana jan guga gaba talatin
kafin ya ga fuskarsa a ruwa,
har yau in na tsaya gabanta
cikina yakan ɗan juya.
Masunta Egun suna jan taru, suka yafito mu,
muka kama igiya, ba mu jin yarensu,
amma bayanmu ya gane inda ake cewa ja.
Tafin hannuna ya yi bororo.
Ladanmu kifi bakwai da dariyar yara.

Da muka juyo, na ga igiyar ruwa
tana lashe sawunmu ɗaya bayan ɗaya.
Nawa ta bari zuwa ƙarshe,
sannan shi ma ta lashe.

La'asar sakaliya na isa gadonsa,
yashi na zuba daga naɗin wandona,
nas tana harara.
Ya ce: ku nawa kuka fita?
Na ce: sha ɗaya.
Nawa kuka dawo?
Sha ɗaya, Baba, har da kifi.
Ya lumshe ido. Ya ce: Ilu fa, da ƙafarsa?

Na miƙa masa usur.
Ya ture hannuna da yatsa biyu,
ya juya fuska bango,
ya ce a rage masa fanka.