Mai Ɗinkin Kundi a Kabuga

Shekara ashirin da uku ina wannan rumfa,
tsakanin teburin shayin Tasi'u da shagon caji,
ina ɗinke ilimin da ban karanta ba.
Bango shuɗi, bango baƙi, suna da ruwan zinare.
A aji uku na sakandare na tsaya,
amma tambaye ni babi nawa ne a kundi:
biyar ne, kuma na biyar ya fi gajarta,
don a nan kuɗi da haƙuri suke ƙarewa tare.

Shafin sadaukarwa kaɗai nake karantawa.
"Ga mahaifiyata mai ƙuli-ƙuli a Gezawa."
"Ga marigayi Baba, da bai ga wannan rana ba."
Wata ma sunan mai a-daidaita-sahu ta sa,
wanda ya yi mata lamuni zango biyu.
Ba wanda ya taɓa tuna mai ɗinki.
Ban riƙe kowa ba.
Allura ba ta bin riga zuwa biki.

Kakana ya ce da gero ake shukawa
daga nan har Rijiyar Zaki.
Yanzu ɗakuna ake shukawa, su ma suna tsiro.
Alhaji Mudi ya yanka zaurensa gida uku,
ya zuba 'yan Okene, 'yan Zuru da ɗan Biu,
Hajiya Barira kuwa, da shekara sittin a duniya,
ta koyi miyar agushi don kada ciniki ya wuce ta.

Ban ce duka alheri ne ba.
Haya ta kori ƙanena Nafi'u har Janguza.
Akwai yaran da aka yanke wa cibiya a gindin katangar nan,
sun yi gemu, ba su san launin cikinta ba.
Wani dakta ya yi bincike kan kwatar layinmu,
ya auna, ya ɗauki hoto, ya toshe hanci.
Ni na ɗinke masa, kwafi huɗu.
Kwatar tana nan, tana gaishe shi.

Sai shekarar da malamai suka ajiye alli.
Watan farko muka ce hutu ne.
A na uku Tasi'u ya daina sayen ƙwai da kiret,
ya koma ƙirga su a tafin hannu.
A na biyar gizo-gizo ya kama haya a bakin injina,
motocin da ke jigila tsakanin tsohuwa da sabuwa
suka koma dakon tumatir a 'Yankaba.
Ba mu da katin shaida, ba mu da lambar rajista,
amma ranar muka gane
mu ma an kulle mana aji.

Da suka dawo, da jakunkuna da surutu,
har mai faci sai da ya yi aski.

Jiya bayan la'asar Zinatu ta zo,
ta tsaya a layi kamar ba ta san ni ba.
Shafi tamanin da bakwai,
kan ruwan burtsatsen Ɗorayi da abin da ke cikinsa.
Na goge hannu a riga sau biyu
kafin na buɗe inda na saba buɗewa.
"Ga Innata," ta rubuta. To, madalla, ta cancanta.
Sai can ƙasa, a ƙarshen godiya,
bayan malamai, bayan ƙawaye, bayan mai buga rubutu:
"da Baba, wanda zai ɗinke wannan kyauta."

Na ce, kyauta a gidan wa?
Dubu biyu da ɗari biyar, kamar kowa.
Ta ce in rubuta bashi.
Na jawo tsohon littafin, na rubuta,
ƙarƙashin sunayen waɗanda suka zama manya
ba su dawo sun biya ba.

Sannan aka ɗauke wuta.
Na zare zare, na lashi bakinsa,
na nemi kafar allura da hasken waya,
ta riƙe mini.