Keji na Biyar

Gwaggo Tasalla ce ta nuna mini wurin,
bayan kududdufin da masu haƙar kuza suka bari,
can gangaren Naraguta,
inda rai-ɗore ke tsaye, ko awaki ba sa kula shi.
Ta ce, "Tsinki na sama, mai taushi."
Na cika buhu biyu. Ta ƙi karɓar ko sisi,
ta ce ladanta labari.

Mako uku yana shan inuwa a kan tebur.
Muka niƙa, muka jiƙa, muka tace,
muka ƙafar da ruwan sannu a hankali,
har buhu biyu suka koma
ɗan baƙin danƙo a gindin kwalba,
ko cokali uku bai cika ba.

Ɓeraye talatin, farare ƙal,
idanu ja kamar tsabar idon-zakara.
Ba na rumbu ba ne,
ba su taɓa satar daddawa ba,
ba su san kyanwa ba ko a mafarki.
A keji aka haife su, a keji suke jiranmu.

Dokta Nanret ta hana a raɗa musu suna.
Lamba kawai, da shuɗin alƙalami a wutsiya.
Shida ruwa zalla, shida ƙwayar asibiti,
sauran sha takwas na ganye ne:
kaɗan, matsakaici, da mai yawa.
Ciwon sugan kuwa mu muka sa musu da allura.
Wannan ban faɗa wa Gwaggo ba.

Ƙarfe bakwai, sanyin Jos na cizon yatsu
har ta cikin safar hannu.
In kama ƙeya, in zura bututu, in ɗura,
in soki bakin wutsiya, ɗigo ɗaya,
na'ura ta ƙifta, in rubuta.
Lamba ashirin da bakwai yakan riƙe babban yatsana
da hannu biyu, kamar mai gaida surukai.
A zuci na sa masa Ɗanliti,
don ranar Litinin ya zo.
Littafin awo bai san da wannan ba.

Ranar da aka ɗauke wuta, janareto ba mai,
ƙanƙara na jifan kwanon rufi,
Baba Gyang mai gadi ya haska mini da waya.
Ya ce, "Ɓeran da ake auna wa abinci da sikeli
ai ya fi ni gata."

Rana ta sha huɗu, lambobi suka fara sauka
a keji na uku da na huɗu.
Na sake awo, na kuma sakewa,
don murna ba ta iya lissafi ba.
Dokta ta ce, "Wataƙila."
A bakinta, wannan guɗa ce.

Rana ta sha tara, keji na biyar ya yi shiru.
Abinci bai ragu ba.
Ɗanliti a kusurwa, gashi a tashe,
wayewar gari ya sanƙame.
Ni na buɗe shi.
Hantar ta koɗe kamar tsohon zane.

Ran Asabar na sami Gwaggo tana tankaɗe acca.
Ta ce, "Nawa kika ba shi?"
Na kwatanta mata, in da mutum ne.
Ta ajiye rariya.
"Haka ko zuma ce ai ta kashe shi.
Mu tafin hannu ɗaya ne, kwana uku, a huta."
Na ce, "Me ya hana ki faɗa mini?"
Ta ce, "Inda yake fitowa kika tambaya."

A rahoto layi ɗaya ya samu:
an rasa ɗaya a rukuni na biyar.
Saura ashirin da tara,
su ma ranarsu na rubuce a bango,
da rubutun hannuna.
Gobe ƙarfe bakwai zan canza musu ruwa.