Gurbi Huɗu

A Tampere, hawa na biyar, tsakiyar Janairu,
Veikko ya buɗe taga da gangan.
Sanyin da ya daskarar da tafki
ya shigo ya zauna a kan tebur.
Ya ƙara rigar ulu a kan ta jikinsa,
ya bar wa injin iskar.

Da sanduna biyu, ƙwaƙwalwar nan barewa ce.
Dubu shida yake rubuta mata,
ta amsa ba musu, ta kwana tana sheƙa gudu.
Gurbi biyu na nan wayam a kan allon
kamar giɓi a bakin yaro,
bai taɓa kula su ba.

Sai Taisto ya rasu.
Matar ta aiko da kwali:
agogo, takalman ƙanƙara,
da sanduna biyu naɗe cikin safa mai ruwan toka.

Ya danna ta uku, ƙas.
Ya danna ta huɗu, ƙas.
Ya kunna.
Gilashi baƙi ƙirin. Fanka na ta juyi.
'Yar fitila ruwan lemo ta kafe
tana kallonsa, ba ƙiftawa.
Ya zare batirin nan mai kama da kwabo,
ya ƙirga talatin, ya mayar,
injin ya farka bai san sunan kowa ba.

Daga nan aka shiga ciniki.
Ya ce dubu shida, allo ya ce albarka.
Ya ƙara wuta, ɗigo bayan ɗigo,
kamar mai zuba magani a idon jariri.
Ya sassauta lokutan jira,
talatin ta koma talatin da shida, ta koma arba'in.
Duk lambar da ya gwada sai ya rubuta ta
a bayan takardar kuɗin lantarki,
har takardar ta cika, ya juya ta kai ƙasa.

Dare na uku gwaji ya yi nisa.
Awa ɗaya lafiya, awa huɗu lafiya,
kofi ya huce a kofinsa har ya yi fata.
Ƙarfe uku da minti goma sha ɗaya
jan layi guda ya fito.
Guda tak.
Sifili ya tafi aike, ya dawo ɗaya.

Tsohuwa Aune ta hawan ƙasa
ta buga bututun ɗumi da cokali:
rufe tagar nan, kai!
'Yarsa ta ce a waya, Baba, cire biyun mana,
ba ma kamfani ɗaya ya yi su ba.
Ya ce ya ji.
Ya kai yatsa kan makullin gurbin,
ya tsaya.

Ya tuna kwalekwale a Näsijärvi,
su huɗu, kafin gashin baki.
Filafilin Taisto kullum sai ya makara,
rabin numfashi bayan na kowa.
In ka ƙi jiransa jirgin ya karkace,
ku yi ta zagaye wuri ɗaya kuna zagin juna.
Mai kiran sauti ɗaya ne a gindin jirgi,
muryarsa ba ta isa huɗu in ana tsere.
Sauri, ashe, shi ke haifar nawa.

Ya goge shidan.
Ya rubuta dubu biyar da ɗari biyu.
Ya rage wutar, ya kwanta da safa a ƙafa.

Da safe rana ba ta fito ba, lokacinta bai yi ba,
amma gilashin kore ne tun daga sama har ƙasa.
Zagaye goma sha biyu, kuskure babu.
Ya taɓa sandunan da bayan yatsa:
huɗun duk ɗuminsu ɗaya.

Ya rufe taga.
Ƙanƙarar da ta taru a bakinta
ta fara ɗiga kan takardar lambobi.
Bai ɗauke ta ba.