Gayauna Cikin Gandu

A Harbo sabis ba ya shiga ɗaki.
Sai ka hau tudun bayan firamare,
ka zauna gindin aduwa, kwamfuta bisa cinya,
ka jira sanda biyu ta tsaya a waya.

Aikin da aka turo mini daga birni:
manhaja biyu, kowace na cika baki
wai tana cusa ma'ajiya cikin ma'ajiya,
ta kuma zare ta ko ƙwarzane babu.
Aka ce gwada su,
karya su in masu karyuwa ne.

Sai na gina ma'ajiyar ƙarya, na raɗa mata Gandu.
A cikinta na yanka ƙanana uku:
Gayaunar Mati, Gayaunar Barau,
da ta Delu, wadda ba ta fi shimfiɗar tabarma ba.
Na zuba musu tarihin bogi,
wane ya shuka layi, wane ya tuge,
wane ya dawo da dare ya gyara ɓarnar wane.

Na ce wa ta farko, raba.
Ta raba tsaf, kamar an ja zare.
Na buɗe Gayaunar Delu, amfani na nan,
ko wasali bai ɓata ba,
sai dai sunan duk wanda ya taɓa sunkuyawa a ciki
ta share shi.
Gona ta wayi gari kamar jiya aka halicce ta.
Na rubuta: ta faɗi.

Ta biyu ta fi amana.
Ta raba, kowane gyara da ranarsa da mai shi.
Na ce to, mayar.
Ta mayar, amma kowane aiki ya haifi tagwai,
Mati ya yi noman fari sau biyu rana ɗaya,
lambobin shaida duk sun sake fuska.

Bayan la'asar Baffa Barau, na gasken,
ya biyo da amalanken taki.
Ya tsai da shanu, ya leƙo, ya ce karanta mini.
Da ya ji sunansa ya ce, me kuma na yi?
Na warware masa iya yadda Hausa ta ɗauka.
Ya daɗe yana sosa gemu.

Ya ce, ka sa ɗorawa?
Na ce wace ɗorawa?
Ya ce dasa bishiya a kan iyaka,
saiwarta wajen Mati, inuwarta wajena,
kalwa kuwa ta riƙa faɗawa gonar Delu.
Sannan ka ce su raba.

Na ƙirƙiri fayil guda,
haihuwarsa nan, girmansa can,
na ukun ma ba ya tashi sai da shi.
Na danna.

Ta farko ta tsaya cak.
Ta biyu ta yi ta juyi, fanka na huci,
can ta zubo jan rubutu:
saɓani. Mutum ya zo ya zaɓa.

Baffa ya yi dariya har da tari.
Ya ce nan muka tsaya mu ma,
shekarar da kakanka ya kwanta dama.
Mai unguwa ya zo da igiya, ya auna har jujin bayan gida,
da ya iso ɗorawa ya naɗe igiyarsa
ya ce magariba ta yi.
Shekara ashirin da shida ke nan.

Ya kaɗa shanu ya wuce.

Batir saura goma sha ɗaya.
Na jera matakan yadda za a maimaita kuskuren,
ɗaya, biyu, har bakwai.
A gurbin da aka ce faɗi sakamakon da ya kamata,
yatsuna suka tsaya.
Na bar shi fari, na tura, bai tafi ba,
sanda biyun ta koma ɗaya.

Na biyo ta gonar.
Jikokin Delu na ƙarƙashin ɗorawa da gora,
matar Mati na auna kalwa da tsohon kwano,
tana ware tsibi uku a bisa buhu,
ba ta tambayi kowa ba.