Awon Gwangwani

Tsahiru ya zo rumfata da hantsi,
hannuna na cikin hanjin wata rediyo.
Ya ajiye ta kan benci, tsakanin dalma da filaya:
baƙa wuluk, nauyinta na ƙarya,
cikinta ƙwayoyin roba, farare kamar surfaffiyar dawa.
Ya ce, Baba Na-Allah, ba ta da zuciya.
Sa mata sifirin mai tauri,
in ta yi tari a nan, a ji ta a Bagalam.

Jikka biyu ya ɗora.
Na dubi kuɗin, na dubi yaron,
na sa.

Muka kafa gwangwanin madara a gindin bedi.
Jiya ƙwayar takan ƙwanƙwasa ta dawo
kamar baƙon da ya ɓata gida.
Yau ta shiga ta gabas, ta fita ta yamma,
ta bar ƙofa biyu a buɗe.
Yara suka yi ihu.
Ni bakina ya bushe.

Ajidan Lawali, da ya zo karɓar tocilarsa,
ya ɗaga gwangwanin, ya leƙa rana ta hudar.
Ya ce, doka ba ta tambayar sunan abu,
ko an rubuta wasa a kwalinsa da harshe bakwai.
Ƙarfi take aunawa, a bakin bututu,
inda ƙwaya ke sallama da gida.
Akwai layi, siriri kamar yanar gizo:
ƙasa da shi, tsarabar yara ce;
sama da shi, sai takarda, sai hatimi,
sai doguwar hira a kamisariya.

Na ce, nawa ne awon?
Ya ce, kowace ƙasa da tiyarta,
ni adadin ya shige mini tun da na tuɓe kaki.
Amma fatar ido ba ta kai gwangwani kauri ba,
wannan ba sai an buɗe kundi ba.

Bai rufe baki ba, ɗiyata Barira ta ratso
da kwanon fura a ka,
ta tsaya daidai gindin bedin nan
tana gyara takalmi,
tana kallonmu da ido biyu cif,
ba ta san me muke ƙirgawa ba.

Na kwance sukurori huɗu.
Na zaro sifirin, na maida tsohon, mai laushi.
Tsahiru ya ce na kashe masa ita.
Na miƙa masa jikka ɗaya da rabi,
sauran na riga na ci goro da shi,
na ce bashi ne, ya dawo ran Juma'a.
Ya tafi bai waiwayo ba,
bindigar na ƙara a aljihunsa kamar caki.

Gwangwanin yana nan, rataye a ƙusa.
Ciki nake tara sukurori.
Manya sukan zauna lafiya,
ƙananan kullum sai sun sulale ta hudar,
in duƙa, da wannan bayan nawa,
ina tsince su cikin yashin Maraɗi.