Katangar da Rowland Bai Ƙarasa Ba

A Skelbeck, inda ruwan sama ba ya sallama kafin ya shigo,
akwai dutse a tsaye a gaban coci,
sunaye goma sha ɗaya a ƙirjinsa.
Na bakwai ne naka, Rowland Birkett.
Gansakuka ta cinye harafin ƙarshe.

Ban san ka ba. Ni ma'aikaciyar jinya ce,
kullum da safe ina gidan ƙanwarka Maud,
in auna jininta, in haɗa mata shayi,
ita kuma ta ɗora labarinka a wuta,
tukunyar da shekara tamanin ba ta sauke ba.

Ta ce kai makiyayi ne, maginin katanga,
ba siminti, ba laka,
dutse kan dutse, kowa ya riƙe ɗan'uwansa.
Ta ce ba ka ɗaga dutse sau biyu:
kafin ka sunkuya ka riga ka ga gurbinsa.
Yatsu biyu a baki, fito ɗaya,
karyarka ta gangaro da tumaki daga kan tudu.
Bijimi bai taɓa ba ka tsoro ba, amma dinya ta kore ka har rafi.
Ba ka iya rawa ba.
Kana gatsar ɗanyar albasa kamar goro.

Takarda ta zo ranar askin tumaki.
Katangar bayan gida saura taku tara.
Ka dafa kan Maud, 'yar shekara goma,
ka ce, "Kada kowa ya taɓa. Zan dawo in ƙarasa."

Jirgin ruwa ya kai ka Bama.
Wasiƙa huɗu suka iso:
ruwan can da ɗumi yake sauka,
matsattsaku sun fi abokan gaba naci,
an ba ka alfadarai ka kula da su,
nawa ake sayar da ulu bana?

Ta biyar ba rubutunka ba ne.
Hafsa ya ce ba ka sha wahala ba.
Sai da Alec Tyson ya dawo da kunne ɗaya
ya zauna a kicin, yana murza hula,
ya ce alfadara ce ta maƙale a taɓon kogi,
kowa ya haye, kai ka koma.
Harsashi ya same ka da igiya a hannu.
Ka kai har asuba.
Ba uwa ka kira ba, ba Maud ba,
fito kake ta yi wa karyar da ke bayan teku.

Ban faɗa wa Maud ba sai bara:
ƙanen kakana, Jatau na Ƙafur,
shi ma Bama ta haɗiye shi,
da akwatin harsashi a ka.
Ba dutse, ba harafi, ba fure a watan sanyi,
sai akushin da uwarsa ta ci gaba da wankewa.
Wa ya sani ko kun sha a rafi ɗaya,
ko ya taɓa riƙe maka alfadara ka ɗaure takalmi.

Jiya rana ta leƙo, abin da ba ta saba ba.
Maud ta ce in tura ta bayan gida.
Giɓin yana nan, taku tara,
tumaki sun mai da shi ƙofa,
tarin duwatsunka ya yi gashin ciyawa.

Na sunkuya na ɗauki ɗaya, sanyinsa har gwiwar hannu.
Ta ce, "Ajiye, 'yata."
Ba faɗa a muryarta.
"Bai ce an fasa ba."

Na mayar da shi daidai inda ka bar shi,
a ramin da ya yi wa kansa cikin ƙasa.
Wani ɗan rago ya bi ta giɓin,
ya tsaya yana kallonmu.